Ci da Ƙa'ida: Nasiha Game da Abinci da Rage Ƙiba

Jama'a, a da idan mutum ya ajiye tumbi sai a ce hutu ya zo masa. To, yanzu likitoci sun tabbatar cewa ƙibar da ta wuce kima tana jawo hawan jini, da ciwon sukari, da ciwon zuciya, da ciwon gwiwa. Abin da ya kamata kowa ya riƙe shi ne, ƙiba sannu a hankali take taruwa, sannu a hankali kuma take tafiya, maganinta kuwa yana cikin tukunyar gidanka.

Yadda za ka gane ka wuce kima

Samo igiya ka auna tsayinka tun daga ƙasa har tsakar ka, ka ninka ta biyu, sa'an nan ka zagaya ta a cikinka, sama da cibiya kaɗan. Idan bakin igiyar bai haɗu ba, kitsen cikinka ya yi yawa. Wato mai tsayin santimita 170, kada kewayen cikinsa ya wuce 85. Kitsen ciki kuwa ya fi na sauran jiki haɗari.

Ta ina ƙiba take shigowa?

Kakanninmu sun ci tuwon dawa da na gero, amma da ƙafa suke zuwa gona da kasuwa. Mu kuwa mukan wuni a zaune a shago ko ofis, ko masallacin unguwa sai a kan babur, ga shi mun ƙara da taliya da burodi da soye-soye.

Babban mai laifi shi ne sukari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce giram 50 a rana, kimanin ƙaramin cokali 12, in ma ya tsaya a rabin haka ya fi. Lemon kwalba ɗaya kaɗai yana ɗauke da wajen cokali takwas. Ka ƙara da shayin safe mai kauri, da kunu, da zoɓon rana, ka ga ka wuce iyaka tun kafin la'asar. Gishiri kuma, hukumar ta ce kada ya kai giram 5 a rana, wato ƙaramin cokali guda. Uwargida ta sani cewa dunƙulen da take murmusawa a miya gishiri ne ya yi masa yawa. A rage shi, a ƙara daddawa da citta da tafarnuwa.

Yadda za a zuba abinci

Ba a ce ka bar tuwo ba. A raba kwano gida huɗu: kashi biyu ganye, kamar zogale, rama, alayyafo, kuɓewa ko kabewa, kashi ɗaya tuwo ko shinkafa, kashi ɗaya wake, kifi, ƙwai ko nama marar kitse. Maimakon malmala uku, ci biyu, ka yawaita miya. A riƙa auna mai da cokali, a daina tuttulawa daga kwalba. Alala ta fi ƙosai, domin ba a soya ta a mai. In marmari ya taso, ga gwaba, ga gwanda, ga kankana. Ka tauna da kyau, ka ɗaga hannu kafin ciki ya cika, kamar yadda addini ya hore mu da barin wurin ruwa da na numfashi.

Hattara da gajeriyar hanya

Shayin rage ƙiba da ake talla, da yawansa ganyen sa zawo ne irin su filasko. Ruwan jiki yake zubarwa, kitse yana nan daram. Mai hana kansa abinci kuwa yakan rame ya galabaita, ran da ya gaji ya koma wa kwano, ƙibar ta dawo har da ƙari. Haka nan 'yan mata masu shan ƙwayoyin "sha ka fashe" don su yi jiki, su sani wasunsu kumburi suke sawa, suna kuma tayar da sukari da hawan jini.

Ramar da take ɗorewa ita ce ta rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako. Mai kilo 90 ko kilo 5 zuwa 9 ya sauke, zai ga sauƙi a jininsa da gwiwoyinsa. A haɗa da tafiya da ɗan sauri, minti 30 a rana, kwana biyar a mako. Mai juna biyu, da mai shayarwa, da mai shan maganin sukari, kada su rage abinci sai da shawarar likita.

Aikin na gida ne duka. Maigida ya sa ganye cikin cefane, uwargida ta sassauta hannu wajen mai da gishiri, yara kuma a saba musu da ruwa maimakon lemo tun suna ƙanana. Ka fara da gyara ɗaya a wannan mako, in ya zauna ka ƙara wani. Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.