Darasi: Amanar Mai Ɗaukar Bidiyo

A shekarar 1963 Majalisar Vatikan ta Biyu ta fitar da takardar Inter Mirifica, wadda ta koya mana cewa hanyoyin sadarwa baiwa ce daga Allah, amma akwai nauyi a wuyan mai amfani da su. A ƙasar Kano, inda finafinan bidiyo na Hausa suka soma da Turmin Danya a 1990, yau wayar hannu ta ishi matashi a Dawakin Kudu, Kura ko Bunkure ya ɗauki bikin baftisma ko taron makaranta.

Da fari, shiri. Mu rubuta abin da za a nuna, mu nemi izinin Fada ko shugaban makaranta, da na iyaye in akwai yara.

Na biyu, ɗauka. Rana ta kasance bayan mai ɗauka. Mu matso kusa da mai magana, gama ƙarar injin ban ruwa da iskar hunturu sukan cinye murya.

Na uku, tacewa. Minti 3 ya isa, domin data tana da tsada. A nan ne gwaji yake: wanda ya yanke wa'azi har ma'anarsa ta juye ya yi shaidar zur, abin da doka ta 8 ta hana. Guntun bidiyo irin wannan yana iya haddasa husuma tsakaninmu da maƙwabtanmu, kuma magana zarar bunu ce.

Saboda haka, kafin mu tura, mu nuna wa wanda ya yi maganar ya amince. Ubangiji ya ba mu ikon riƙon amana. Amin.