Amsar Tambaya: Wace Linux ce ta dace da sabon shiga?

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a Malbaza. Yayana ya sayo mini tsohuwar kwamfuta a kasuwar Konni, Windows 10 ce a kanta, ga nauyi. An ce in koma Linux. Wacce zan zaɓa?

Amsa: Ƙanena, shawarar da aka ba ka mai kyau ce, domin tun 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya daina ba Windows 10 gyaran tsaro na yau da kullum. Ka ɗauki Linux Mint, nau'in Xfce. Ba ta da nauyi, fuskarta ta yi kama da wadda ka saba, tana aiki da Faransanci, kuma LibreOffice na cikinta don rubutu da lissafi. Ubuntu ma tana da kyau, sai dai ta fi wahalar da tsohuwar na'ura.

Abin da ya fi burge ni game da Linux ba kasancewarta kyauta ba ce, 'yancin da take bayarwa ne. Tun 1983 wani mai suna Richard Stallman ke fafutukar kowa ya samu damar amfani da manhaja, ya binciki cikinta, ya gyara, ya raba. Saukar da Mint na cin kusan giga 3, kuma ka san tsadar data. To, mutum ɗaya ya sauke, ya zuba a filashi, ya ba abokinsa na Illela, shi ma ya ba wani. Halal ne, babu satar lasisi.

Ka fara gwada ta daga filashin, ka tabbata sauti da intanet suna aiki. Kafin ka girka, don Allah ka kwashe takardunka da hotunanka ka adana a wani wuri.