Rubutuna Yana Cika wa Manoma Ido

Tambaya: Malam, ni matashi ne daga Ɗambatta. Na fara rubuta wa ƙungiyar manomanmu shawarwarin noma, amma kowa sai ya ce rubutun ya cika masa ido. Ina mafita?

Amsa: Ɗana, Allah ya yi maka albarka da wannan niyya. Ka tuna wanda kake rubuta wa. Ya wuni yana noman gero, ya zauna gindin darbejiya, wayarsa ƙarama ce, gilashinta ma ya tsage. Idan ya ga baƙi cunkushe, ba zai kai layi na uku ba.

Ka yi wa rubutunka kunya-kunya kamar gona. Magana ɗaya, sakin layi ɗaya, kada ya wuce jimla uku ko huɗu, sannan ka bar fili. Abin da ya fi muhimmanci shi ne a sama: in kan taki kake magana, fara da lokacin zubawa da yawan da za a zuba, dalili ya biyo baya. Adadi kuwa ka sa shi da lamba, buhu 2, mudu 5.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙugiya. Kada ka yar da ƙ, ɗ da ɓ, domin baki daban, baƙi daban. In babu ƙugiya, mai karanta wa wasu zai yi tuntuɓe, ga shi ko jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, da aka fara bugawa a Zariya a 1939, an riƙa karanta wa jama'a ita su fahimta.

Kafin ka tura, karanta wa baba ko yayanka a bayyane. Duk inda numfashinka ya yanke, sa aya a nan.