Kafin Ka Tare Hanya: Matakan Amfani da Titi da Gefensa a Kano

A Kano, mutum kan sayi gida sai ya ɗauka har da titin ƙofar gidan aka sayar masa. Ranar ɗaurin aure a kafa rumfa daga wannan bango zuwa wancan. Ranar gini tifa ta juye yashi a tsakiyar layi. Mai shago kuma ya fito da firji da buhunan shinkafa ya jera su a wurin da aka tanadar wa masu tafiya a ƙasa. Galibi ba mugunta ba ce, wuri ne ya yi mana kaɗan. Sai dai hanya ta jama'a ce, kuma dokar Final Kod, wadda ta fara aiki a Arewa a 1960, ta lissafa tare ta cikin laifuka. Idan buƙata ta kama ka, ga yadda za ka bi.

Mataki na 1: Gano mai hanyar

Hanyoyi ba uwa ɗaya ta haife su ba. Manyan hanyoyin da suka fita daga Kano zuwa Zariya, Katsina da Maiduguri na gwamnatin tarayya ne, kuma filin da aka ware wa irinsu ya kai mita 45.72 daga tsakiyar titi zuwa kowane gefe. Mutane da yawa da ke da rumfuna a bakin waɗannan hanyoyi a cikin filin gwamnati suke zaune, ba su sani ba sai ranar da aka zo faɗaɗa titi.

A cikin gari, hukumomin jiha biyu za ka fi cin karo da su: KAROTA, wadda aka kafa a 2012 don kula da zirga-zirgar ababen hawa, da KNUPDA mai kula da tsara birni da ba da izinin gini. Ƙaramar hukuma ma tana da ta cewa, domin jadawali na huɗu na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora mata kula da tituna da magudanan ruwa, da sa ido kan shaguna, kes-kes, gidajen abinci da allunan talla. Saboda haka ka san ko a Dala kake, ko Fagge, ko Gwale, ko Tarauni, tun da sakatariyar da za ka nufa ke nan.

Mataki na 2: San inda iyakarka ta tsaya

Ɗauko takardar awon filinka, ka nemo simintin alama da masu awo suka kafa a kusurwoyi. Abin da ya wuce nan ba naka ba ne, ko da kai ka zuba masa kankare da kuɗinka. A nan ne dakali, da matakala, da gangaren hawan mota da aka ɗora bisa lambatu, da ramin masai da aka haƙa a bakin layi suke jawo wa mai gida jan fenti a bango. Daɗewar abu a wuri ba ta halatta shi. "Haka na gaje shi" magana ce da za ta yi maka amfani a majalisa, ba a gaban mai duba tsarin gini ba.

Mataki na 3: Fara da mai unguwa da maƙwabta

Wannan ba ya cikin takardar doka, amma a ganina shi ne ya fi sauran muhimmanci. Yawancin ƙarar da ke kai mutum gaban hukuma daga cikin layi take fitowa, daga wanda ya tashi da asuba zai fita da mota ya tarar an girke kujeru a ƙofarsa ba wanda ya ce masa uffan. Ka je wurin mai unguwa da kanka, kada ka aika yaro. Bayan gaisuwa ka ce, "Ranka ya daɗe, ranar Asabar za mu aurar da 'yar wajenmu, muna neman a ara mana rabin layi daga hantsi zuwa azahar." Ka lura, aro ka ce. Daga nan sai ka bi gidajen da abin zai shafa ɗaya bayan ɗaya, musamman mai mara lafiya, da mai tsohon ciki a gida, da mai shagon da za a tsayar wa ciniki.

Mataki na 4: Nemi izini a rubuce

Idan titin mai kwalta ne da motoci ke bi, yardar mai unguwa ba ta isa ba. Rubuta takarda zuwa ga baturen 'yan sandan yankinku, ka kai kwafi ofishin KAROTA. Ka bayyana sunan titin, ranar, lokacin farawa da na tashi, dalilin taron, da hanyar da masu ababen hawa za su karkata. A buga maka hatimi a naka kwafin, ka riƙe shi a aljihu ranar taro. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka ka kai takardar da sauran kwanaki. In an hana, nemi filin makaranta ko ɗakin taro.

Rasuwa ba ta yin sallama. A zaman makoki sai a wakilta mutum ɗaya ya sanar da hukuma, a kuma shimfiɗa tabarmi a jikin bango maimakon tsakiyar hanya.

Fasa kwalta don jan bututun ruwa ko waya kuwa, kada ka soma sai da izinin hukumar da ke da titin.

Mataki na 5: Tsara wurin yadda za a iya wucewa

Ma'auni ɗaya nake ba mutane: motar 'yan kwana-kwana za ta iya ratsawa? In ba za ta iya ba, rumfarka ta yi faɗi. Kauce wa kan kwana da mahaɗar hanya. Sa matasa biyu a kowane bakin layi su riƙa nuna wa direbobi hanya cikin ladabi, ba su riƙa karɓar na goro ba.

Masu gini su ne suka fi buƙatar jan kunne, domin biki yini ɗaya ne, tulin yashi kuwa yakan shekara. Wata damina maƙwabcinmu ya sa aka juye masa tifa biyu a bakin lambatu, kuɗin aiki suka yanke, ya tafi ya bar su. Ruwan watan Agusta na farko ya kwashe yashin ya cusa a kwalbati, na biyu ya rasa hanya ya shigo mana soro har ɗakin tsakar gida. Mu muka yi kwana biyu muna yasa da shebur. Don haka sayi abin da za ka cinye a mako, a shigar da bulo da rodi ciki a ranar da aka kawo su, kada a kwaɓa siminti a kan kwalta. Abin da ya zama dole ya kwana a waje a kewaye shi da alamar da mai babur zai hango da dare.

Mataki na 6: In sana'a ce, ja da baya

Mai shayi, mai tsire, mai faci da mai tireda duk abincinsu a bakin hanya yake, ba kuma mai hankalin da zai ce su tashi su bar gari. Amma teburin da ya hau gefen titi yara 'yan makaranta yake turawa cikin adaidaita sahu. Ja da kayanka bayan lambatu. Ka kuma sani cewa rasitin harajin da ka biya shaida ce ta biyan kuɗi kawai, ba takardar mallakar wurin ba ce. Wanda ya ga yadda ake tashin masu kasa kaya a titunan da ke kewaye da Kantin Kwari da kasuwar Sabon Gari ya san haka.

Mataki na 7: Kwashe komai da zarar an tashi

A naɗe rumfa a ranar, a cike ramukan da aka kafa ƙarafa, a tattara ledoji da robobin abinci a kai inda motar hukumar kwashe shara ta REMASAB ke ɗauka. Kada a share su cikin lambatu.

Mataki na 8: Idan an kwashe maka kaya

Kada ka yi kokawa da jami'i, domin laifi ɗaya zai koma biyu. Tambayi hukumar da ya fito da ofishin da za a kai kayan, ka ɗauki hotonsu ka rubuta adadinsu. Ka je da kwafin takardarka mai hatimi, in da hali tare da mai unguwa. In an yanka maka tara, ka nemi a nuna maka laifin a rubuce, ka biya ta hanyar da hukuma ta tsara. Duk kuɗin da aka ce ka miƙa a hannu ba rasit, kada ka bayar.