Kalma Ma Tana Da Saiwa

Kowa ya sani Turanci shi ne ƙofar da ba makawa sai mun bi ta cikinta. Ko yaro ya ci lissafi da kimiyya a jarrabawar WAEC ko NECO, in bai sami kiredit a Turanci ba, to, shi da jami'a sai ya sake zama. Abin da ya fi ba mu wahala kuwa shi ne yawan kalmomi. Waɗansu sukan ɗauki ƙamus su ce za su haddace shi tun daga A, amma kafin su kai B, A ta gudu. A ganina akwai hanyar da ta fi wannan sauƙi, watau mutum ya nemi saiwar kalma.

Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Duk wanda ya san ƙira ba sai an gaya masa ma'anar maƙeri da maƙera ba. Wanda ya san Gobir ya san Bagobiri da Gobirawa da Gobiranci. Haka kuma wanda ya yi makarantar allo ya ci gaba da karatun littattafai ya san Larabci kan gina kalmomi da yawa a kan baƙaƙe uku. Dubi hukunci, hukuma, hakimi da hikima. Duk uwarsu ɗaya. Ilmi da malami su ma 'yan ɗaki ɗaya ne. To, haka Turanci yake, sai dai fiye da rabin kalmominsa saiwarsu tana cikin Latin, harshen Rumawa, ko cikin Girkanci.

Yaya aka yi haka? Rumawa sun mallaki ƙasar da ake kira Ingila yau tun daga shekarar 43 har wajen 410. Amma kalmomin sun fi kwararowa daga baya, ta hanyar coci da makarantu, sa'an nan a 1066 Normawa daga Faransa suka ci ƙasar da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da shari'a. Shi kuwa Faransanci ɗan Latin ne. Bayan haka masana suka riƙa komawa Latin da Girkanci duk sa'ad da suke neman suna ga sabon abu.

Bari mu ɗauki saiwa guda mu ga 'ya'yanta. A Latin portare na nufin ɗauka. Ɗan dako shi ne porter. Ex na nufin waje, saboda haka export shi ne fitar da kaya, kamar buhun wake ko albasa da ake haye iyaka da shi zuwa Maraɗi. Import shi ne shigo da su. Trans na nufin ƙetare, sai ga transport, watau sufuri. Abin da hannu zai iya ɗauka shi ne portable. Re kuwa na nufin komowa, don haka report shi ne labarin da aka ɗauko aka komo da shi, kuma daga nan ne muka sami rahoto. Kun ga kalma shida ke nan da wahalar guda.

A ajin kimiyya ne abin ya fi amfani, domin can ne kalmomi suke da tsawo kamar igiyar guga. Photosynthesis tana firgita yaro ran da ya fara ganinta a allo. Amma a datsa ta: photo haske, syn tare, thesis ajiyewa. Watau haɗa abu da taimakon haske, kuma abin da ganyen gero yake yi ke nan. Bios rai ne, logos magana ko nazari, sai ga biology. Ge ƙasa, graphein rubutawa, sai ga geography. Therme zafi, metron awo: thermometer. Wanda ya riƙe tele, watau nesa, ya sami telephone da telescope da television, waɗanda biyu daga cikinsu mun riga mun mai da su tarho da talabijin.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne, waɗannan saiwoyi sun daɗe a bakinmu ba mu lura ba. Firamare daga primus take, na farko. Sakandare daga secundus, na biyu. Mota daga movere, motsawa. Likita asalinsa doctor, daga docere, koyarwa, ashe likita malami ne tun farko. 'Yan'uwanmu na Tsibiri da Maraɗi suna cewa lokotoro, don su ta bakin Faransawa suka karɓa, amma saiwar ɗaya ce. Kai, har akwai waɗanda suka riga Bature zuwa ƙasar Hausa, suka biyo Larabawa. Alƙalami daga qalam yake, shi kuwa qalam daga kalamos na Girkanci, watau kara. Dubi ikon Allah, har yau da kara almajiri yake fiƙe nasa. Dinari daga denarius, kuɗin Rumawa. Dirhami daga drachma, kuɗin Girkawa. Saboda haka kada wani ya ce wannan karatu na 'yan birni ne. Kakanninmu a Alƙalawa sun furta waɗansu daga cikin kalmomin nan tun ba a san Turba da Isa za su ga makarantar boko ba.

Yadda za a yi ba wuya. A sami ƙaramin littafin rubutu, kowane shafi a ba shi saiwa guda, a sa ma'anarta da Hausa a sama. Duk kalmar da aka ci karo da ita a aji ko a jarida a kai ta gidanta. Saiwa biyu a mako sun isa. Iyaye kuma, ko ba ku yi boko ba, in muka zo hutu kuna iya cewa a buɗe littafin a fassara muku shafi guda. Wanda bai yi aikin ba nan take za a gane shi.

Amma fa saiwa ba ta hana duba ƙamus, domin ma'ana takan yi tafiya ta bar gida. Septem bakwai ne, decem goma, duk da haka Satumba ita ce wata na 9, Disamba na 12, saboda a dā shekarar Rumawa daga Maris take farawa. Malaria asalinta “mugun iska” da Italiyanci, don mutanen dā sun zaci iskar fadama ke kawo zazzaɓi, sai a 1897 Ronald Ross ya gano ƙwayar cutar a cikin sauro. Wanda ya rubuta iska a takardar jarrabawa ya faɗi.

Akwai ma wadda kuskurenta ya wuce faɗuwa jarrabawa. Mun saba in a farkon kalma na nufin korewa, kamar incorrect, ba daidai ba, ko invisible, abin da ba a gani. To, sai ga tankar mai ta tsaya a tasha, an rubuta inflammable a jikinta. Mai gaggawa zai ce ai wannan ba ya kama wuta. Alhali kuwa in ɗin nan dabam ce, tana nufin ciki, flamma kuma harshen wuta ne. Ma'anarta abin da ke saurin kamawa, kuma ita da flammable duk abu ɗaya suke faɗi. Wanda ba ya kamawa shi ake rubuta wa non-flammable. Ku gaya wa ƙannenku da masu sayar da fetur a galan bakin hanya.