Albashi da Nasara a Fagen Tamaula

Ɗalibai, ilmin tattalin arziki bai tsaya ga cinikin gyaɗa da riɗi a kasuwar Babura ba, har filin ƙwallo ya shiga. Cikin malaman da suka nuna haka akwai Farfesa Stefan Szymanski. Ya koyar a Imperial College ta Landan, sa'an nan a 2011 ya koma Jami'ar Michigan a Amurka.

Ya binciki lissafin ƙungiyoyi 40 na Ingila daga 1978 zuwa 1997. Ya tarar albashin 'yan wasa ne ke bayyana kashi 92 cikin 100 na bambancin matsayinsu a gasa. Wato sa'a takan taimaka a kaka ɗaya, amma in tafiya ta yi nisa, mai biya da tsoka shi ke gaba. Wannan na cikin littafin Soccernomics da suka wallafa da Simon Kuper a 2009.

Dalili kuwa, gwani yakan bi inda ake biyansa. Ahmed Musa ya ci wa Kano Pillars ƙwallo 18 a kakar 2009/2010, a 2010 sai ya wuce Holan. Saboda haka ƙungiyar da ke riƙe albashin 'yan wasanta, kada ta ɗora wa alƙalin wasa laifin faɗuwarta.