Ƙafar Katako: Darasi A Kan Kiyaye Takalmin Fata

Cikin abubuwan da sabon malami kan fara saye in ya karɓi albashinsa na fari akwai takalmi sau-ciki, irin wanda a kan goge har ya riƙa ƙyalli. Kuɗinsa ba kaɗan ba ne ga mai ƙaramin albashi, ga shi kuwa sau da yawa kafin shekara ta kewayo sai a ga hancinsa ya ɗaga sama, bayansa ya yamutse, fatar ta dare. Mai shi ya yi ta zagin wanda ya ɗinka, alhali kuwa laifin yana wajen ajiya. Saboda haka muka ga ya kamata mu tattauna wannan al'amari da 'yan'uwanmu, tun ba waɗanda za su yi aiki a ƙasar Funtuwa da Malumfashi ba, inda damina ke da ƙarfi, hunturu kuma ba ya wasa.

Halin fata

Mu Hausawa ba baƙi ba ne ga sha'anin fata. Fatar jar akuyar Sakkwato ta daɗe tana ƙetare Sahara, har mutanen Turai suka riƙa kiranta fatar Maroko, don ta can take isa gare su. Bature matafiyin nan, Barth, da ya zo Kano a 1851, ya lissafta takalma cikin manyan hajojin da birnin ke fitarwa zuwa ƙasashe masu nisa. Majemanmu sun san yadda za su jeme fata da bagaruwa, dukawa kuma su rina ta ja da karan dafi.

To, akwai abu guda da ko wane majemi ya sani, shi ne kuwa tushen wannan darasi: fata takan riƙe siffar da ta bushe a cikinta. In an shanya ɗanyar fata a miƙe, a miƙe za ta zauna. In an yar da ita a dunƙule, haka za ta ƙandare. Jima ba ta kawar da wannan hali, sassauta shi kaɗai take yi. Masu wankin hula ma da irin wannan dabara suke aiki, da suke ɗora jiƙaƙƙiyar hula bisa katako mai siffar kai, su bar ta ta bushe a can.

Abin da ke jiƙa takalmi

Wani zai ce shi bai taɓa shiga ruwa da takalminsa ba. Amma masana jikin ɗan Adam sun ce ƙafafun mutum biyu suna da ƙofofin zufa wajen 250,000, kuma duk yini fatar takalmi tana shan abin da suke fitarwa. Ban da wannan, muna alwala kullum, yawancinmu kuwa mukan zura ƙafa cikin takalmi tun ba ta tsane ba. Sa'an nan ga raɓar safiya a hanyar gona, ga taɓo tun daga watan Mayu har zuwa Oktoba.

Ko wane taki mutum ya yi, takalmi yana lanƙwashewa daidai gindin yatsu. In aka tuɓe shi da maraice aka jefa bayan ƙofa, da danshinsa da lanƙwasarsa zai kwana, ya bushe a haka. Gobe a ƙara, jibi a ƙara, har lanƙwasar ta zama kwari. Ƙura ta taru a kwarin tana cin fatar kamar zarto, in iskar hunturu ta zo ta tsotse sauran maiƙon da ke ciki, sai fata ta tsage. Tsagaggiyar fata kuwa ba badukun da zai mai da ita yadda take.

Ƙafar katako

Maganin wannan shi ne wani katako da a kan sassaƙa kamar ƙafar mutum, a sa cikin takalmi sa'ad da ba a sanye da shi. Irin na kanti kashi biyu ne, na wajen yatsu da na dunduniya, da ƙarfe mai sifirin a tsakani, wanda ke tura su gaba da baya. A Amurka an fi yin sa da icen da suke kira sida, don ba shi da nauyi, ƙanshinsa kuma yana korar asu. Akwai na roba, amma roba ba ta shan danshi, miƙewa kaɗai take yi wa takalmi.

Amfaninsa uku ne. Na ɗaya, yana miƙe fata ta bushe a siffarta ta asali, ƙasan takalmin kuma ya kwanta sosai. Na biyu, busasshen icce yana jan danshin ciki, wari ya ragu. Na uku, yana sauƙaƙa guga, gama mai ya fi shiga fatar da ke a miƙe. A ƙauye ma har da na huɗu, watau kunama ba ta samun wurin fakewa.

Ba lalle ne sai an aika Kano ko Zariya ba. Masassaƙin da ya iya turmi da akushi da ƙotar fartanya ba zai kasa wannan ba. A ɗora ƙafa bisa takarda a zana ta, dama dabam, hagu dabam, a kai masa tare da takalmin ya gwada. A roƙe shi ya raba katakon biyu, da 'yar sanda mai tokare su, in ba haka ba ba zai shiga ba. Icen ya zama marar nauyi, kamar ɗinya, kuma wanda ya bushe ƙwarai, don ɗanyen icce ƙara wa takalmi danshi zai yi, in ya bushe kuma ya tsuke ya tsage. A kankare shi sumul, kada a shafa masa fenti, gama fenti yana toshe ƙofofin icce.

Yadda a ke aiki da ita

1. A sa ta da an tuɓe takalmi, tun fatar tana da ɗumi da taushi. Icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi.

2. A kwance igiya, a fara zura wajen yatsu, sa'an nan a danna dunduniya a hankali. Ta cika takalmin, amma kada ta matse shi. Wadda ta yi girma buɗa takalmi take yi har ya riƙa sulluɓewa.

3. In ruwan sama ya jiƙa takalmi sharkaf, kada a yi gaggawar sa katako. A share taɓon da tsumma, a cusa tsohuwar jarida, a riƙa sakewa in ta jiƙe. Sai ya tsane, saura ɗan danshi, sa'an nan a sa.

4. A inuwa a ke shanya takalmi, inda iska ke ratsawa. Rana da bakin murhu suna ƙandarar da fata.

5. A bar shi ya huta kwana guda cur. Mai takalmi ɗaya ya sa fade ko wani buɗaɗɗen takalmi ran da babu aji.

6. Da hunturu a yawaita shafa man takalmi. Fatar da aka jeme da bagaruwa tana son ɗan man kaɗe, amma kaɗan, don in ya yi yawa yakan duhunta ta ya hana ƙyalli. Da damina kuwa kada a kulle takalmi cikin akwati ko leda, fumfuna za ta kama shi.

Wanda bai sami katako ba tukuna, kada ya zauna haka. Ƙasarmu ƙasar auduga ce. Ya ɗinka 'yan jakunkuna biyu na farin ƙyalle, ya cusa musu gurzajjiyar auduga tam, ya riƙa turawa cikin takalmin, ran Juma'a ya shanya su a rana. Ba su kai katako miƙewa ba, amma sun fi babu nesa.

Akwai wata ɗabi'a kuma da ba katakon da zai gyara ɓarnarta. Da yake mukan tuɓe takalmi a ƙofar masallaci da zauren manya, ƙyuya takan sa wasu su take dunduniyarsa, su mai da shi kamar fade. A wannan wuri akwai wata taurarar fata da aka ɓoye a ciki, ita ke riƙe ƙafa, in ta karye ta karye ke nan. A kwance igiya, minti guda ne.

Muna roƙon 'yan'uwa kada su raina wannan darasi don ƙanƙantarsa. Gobe za mu tsaya gaban 'ya'yan manoma mu koya musu tsabta da tattali, su kuwa yara idonsu ya fi kunnensu saurin ɗauka. Iyayensu ba su barin garma ta kwana cikin ruwa, sun kuwa san wanda ya iya riƙon kayansa da wanda bai iya ba. Malamin da takalminsa ya shekara biyar yana nan da kyaunsa ya rage wa kansa bashi, ya kuma sami abin nuna wa ajinsa ran da suka zo kan darasin tattali. Allah ya ba mu ikon riƙon abin da ya hore mana, amin.